Babi na Huɗu: A Bakin Na'urar Bincike

Wata safiya ina tsaye a layin bincike a wani filin jirgin sama, a gabana akwai wata dattijuwa da za ta je wankan jegon 'yarta a ƙasar waje. Ita da bakinta ta faɗa wa duk wanda ke kusa da ita, don murnar ta ƙi ɓoyuwa. Da jakar hannunta ta fito daga cikin na'ura sai jami'in ya janye ta gefe, ya zuge, ya ciro robar zuma mai cin lita guda, da kwalbar man shanu da aka naɗe cikin tsumma.

"Hajiya, waɗannan ba za su shiga jirgi a hannunki ba."

"Ɗana, zuma ce fa. Farar saƙa ce, daga ƙauyenmu aka kawo mini. Ɗanɗana ka ji."

"Na yarda zuma ce, Hajiya. Doka ce ta hana."

Ta roƙa, ta haɗa shi da girman iyayensa, ya sunkuyar da kai yana ba ta haƙuri. Babbar jakarta ta riga ta wuce tun wurin awo, waɗanda suka rako ta kuma sun kama hanyar gida. Haka zumar da man suka tsaya a kan tebur. Daga baya na hango ta a zauren jira tana share ido da gefen mayafi. Abin ya daɗe yana damuna, domin ba taurin kai ta yi ba, shi ma jami'in ba mugunta ya yi mata ba. Da a daren jajibirin tafiyar an sami wani a gidansu da ya san cewa duk abin da ke zuba wurinsa babbar jaka, da ta wuce wannan ƙofar da tsarabarta.

Matafiyi da yawa daga cikinmu yana ɗaukar bincike a matsayin wulaƙanci, ko neman na goro. Na fi ganin a fara da sanin asalin dokokin, domin kusan kowace daga cikinsu akwai jirgin da aka tarwatsa, ko aka so tarwatsawa, kafin a kafa ta. A da mutum yana shiga jirgi ne kamar yadda yake shiga motar haya a tasha. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka sama da 130, akasari ana tilasta wa matuƙa su karkata zuwa Kuba. A watan Nuwamba na 1972 wasu mutum uku suka kame wani jirgi, suka yi barazanar faɗa shi kan cibiyar nukiliya ta Oak Ridge. Daga watan Janairu na 1973 Amurka ta wajabta a binciki kowane fasinja da jakar hannunsa, sauran ƙasashe kuma suka bi sahu.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. Ranar 19 ga Satumba, 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa ya taso daga Brazzaville, ya ya da zango a Njamena, ya tashi ya nufi Faris. Yana kan hamadar Tenere a Nijar bam ɗin da aka ɓoye cikin akwati ya tashi, mutum 170 da ke ciki babu wanda ya tsira. Watanni tara kafin nan irin wannan ta faru a sararin garin Lockerbie na Sikotland, inda aka cusa bam cikin rediyo mai kaset, mutum 270 suka mutu. Tambayar nan da ake yi wa matafiyi a wurin awo, wai kai ka haɗa kayanka da hannunka, kuma wani ya ba ka saƙo, daga irin waɗannan masifu ta samo ƙarfinta. A watan Oktoba na 1993 kuma wasu samari huɗu suka kame jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, saboda fushin soke zaɓen 12 ga Yuni, aka ƙare a filin jirgin Yamai, inda jami'an tsaron Nijar suka kutsa cikinsa bayan kusan kwana uku.

Sauran dokokin da suka fi takura wa fasinja duk 'ya'yan wannan ƙarni ne. Harin 11 ga Satumba, 2001, shi ya kori ƙananan wuƙaƙe da reza daga jakar hannu. A watan Disamba na wannan shekarar wani ɗan Birtaniya mai suna Richard Reid ya yi yunƙurin kunna bam da ya ɓoye a takalminsa, cikin jirgin da ya taso daga Faris zuwa Miami, daga nan cire takalmi ya samo asali. Amurka ba ta janye wannan doka ba sai a watan Yuli na 2025. A watan Agusta na 2006 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin wasu mutane na shiga jiragen da ke tashi daga Landan da sinadarai masu fashewa cikin robobin lemo. Wannan shi ne ya ci zumar Hajiya. Sai kuma wanda ya fi yi mana ciwo: ranar 25 ga Disamba, 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a kamfansa, cikin jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Mahaifinsa da kansa ya riga ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai ƙorafi a kansa, amma duk da haka a watan Janairu na 2010 aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a tsananta binciken matafiyansu. Wake ɗaya ya ɓata gari. Daga wannan lokacin ne na'urar da ke haska jikin mutum gaba ɗaya ta bazu a filayen jiragen duniya.

Jami'in da ke gabanka bai san ka ba. Bai san kai limamin unguwa ne ko shugaban makaranta ba, kuma ko ya sani aikinsa bai ba shi damar la'akari da haka ba. Abin da ke gabansa hoto ne a allon kwamfuta, kuma daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya yanke hukunci kafin wata jakar ta iso. In ya gane abin da ya gani, jaka ta wuce. In bai gane ba, a janye ta gefe. Dabarar duka a nan take: ka shirya kayanka yadda za su karantu.

Na'urar tana haska jaka kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, sai dai ita tana raba kaya da launi. Ƙarfe yana fitowa shuɗi, ko baƙi in ya yi kauri. Abin da asalinsa tsiro ne ko dabba ko mai, kamar abinci da takarda da roba da sabulu, yana fitowa ruwan lemo. Matsalar ita ce yawancin abubuwan fashewa su ma a wannan rukuni suke. Saboda haka dunƙulen dabino, ko curin alewa, ko sandar sabulun salo, ko littattafai biyar da aka jera kan juna, duk suna iya fitowa a matsayin wani dunƙule mai duhu da ido ba ya ratsawa. In kuma aka yi rashin sa'a wayar caja ta kanannaɗe shi, ga batir a gefe, to hoton ya zama irin wanda aka horar da jami'in ya tsaya a kansa. Wannan ya sa nake naɗe wayoyin caja in sa su cikin 'yar jaka ɗaya, abinci kuma in ajiye shi a sama inda hannu zai kai ba sai an zazzage komai ba. Kwamfuta ana fitar da ita a sa a tire ita kaɗai domin kaurinta yana rufe abin da ke ƙarƙashinta.

Ka'idar ruwa ba ta da wuyar riƙewa. Kowane mazubi kada ya wuce mililita 100, kuma duka su shiga cikin leda ɗaya mai haske, mai zugewa, wadda ba ta wuce lita guda ba. Girman mazubin ake dubawa. Kwalba mai cin mililita 200 da ta rage saura kaɗan a gindi, za a karɓe ta. Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne fahimtar me ake kira ruwa. A wurin jami'in, duk abin da za a iya zubawa, ko shafawa, ko fesawa, ko matsawa ya fito, ruwa ne. Zuma da man shanu da manja da man kaɗanya suna ciki, haka humra da turaren fesawa da kwaɓaɓɓen lalle da man goge baki. Tofi da rubutun sha da aka ɗuro a gora su ma haka, kuma na san yadda rabuwa da su ke da zafi ga wanda ya taho da su da niyyar neman lafiya. Duk waɗannan a ɗaure bakinsu da kyau, a naɗe a leda biyu, a sa a babbar jaka. An yi sassauci ga madarar jariri da abincinsa in jaririn yana tare da ku, da kuma magani irin na masu ciwon suga, amma a fito da su a nuna tun kafin a tambaya, kuma takardar likita tana rage dogon bayani. Zamzam kuwa hukuncinsa daban: a Saudiyya ana ba da shi ne cikin robarsa ta lita 5 a rufe, a bi da shi ta wurin awo, kuma an hana cusa shi cikin akwati tsakanin tufafi. Akwatin da aka gano zamzam a ciki ana buɗe shi a cire, wani lokaci ma hakan ya sa ya makara bai biyo mai shi ba.

A 'yan shekarun nan wasu filayen jiragen sun sayi sababbin na'urori masu nuna jaka ta kowace fuska, har jami'i ya juya hoton yadda ya so. A irin waɗannan wurare ba a fitar da kwamfuta, wasu ma sun ɗage iyakar mililita 100. Filin London City ya yi haka a 2023. Sai dai dokar tana canzawa daga gari zuwa gari, har an taɓa sassautawa a dawo a tsaurara, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi a watan Satumba na 2024. Ni dai shawarata ita ce mutum ya shirya kayansa bisa tsohuwar doka mai tsanani. In ya tarar da sauƙi, ya gode Allah.

Garin yaji da kuka da garin kunu ba ruwa ba ne, suna iya shiga jakar hannu. Amma gari abin tuhuma ne a idon mai bincike, musamman in an ƙulle shi a baƙar leda babu rubutu. Jiragen da ke zuwa Amurka tun 2018 suna ƙara bincike kan duk garin da ya wuce cikin gwangwanin lemo, wato mililita 350. A zuba a leda mai haske, a rubuta sunansa a jiki, in da yawa a tura shi babbar jaka.

Batir kuwa hukuncinsa kishiyar na ruwa ne. Fawa-bank da duk wani batirin waya ko na kyamara da ba ya cikin na'urarsa, ba a sa shi a babbar jaka, dole ya kasance tare da kai. Dalili shi ne irin wannan batir yana iya kamawa da wuta da kansa in ya lalace ko ya matsu, kuma wutar da ta tashi a gaban mutane ana iya kashe ta, wadda ta tashi a rumbun kaya kuwa babu mai kai mata hannu. A watan Janairu na 2025 wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a Koriya ta Kudu yana shirin tashi, aka fitar da duk mutanen ciki da ransu, kuma bincike ya karkata ga fawa-bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Tun daga nan kamfanoni da dama suka hana amfani da shi a cikin jirgi. Mu da rashin wutar lantarki ya saba mana da sayen manya, sai mu duba jikinsa. In adadin da ke gaban haruffan Wh bai wuce 100 ba, babu matsala. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka kuma ba ya tafiya sam. Mai 20,000mAh yana kamawa wajen 74, mai 27,000mAh yana bakin iyaka. Wanda rubutun jikinsa ya goge, jami'i yana da damar riƙe shi, tunda ba shi da hanyar sanin ƙarfinsa.

Abu mai kaifi ba ya buƙatar dogon bayani. Aska, reza, almakashi, 'yar wuƙar da ke maƙale da makulli, duk babbar jaka. Masu zuwa Umra su tuna da almakashin saisaye, shi aka fi mantawa a aljihun jakar hannu.

Idan jaka ta shirya, saura jiki. Ƙofofin binciken jiki iri biyu ne. Akwai mai kama da ƙyauren ɗaki wadda ake ratsawa a wuce, ita ƙarfe kawai take ji. Akwai kuma wadda ake shiga a tsaya a kan zanen sawu, a ware ƙafa, a ɗaga ko a buɗe hannuwa na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ta biyun ita ce mutane suka fi tsoro, domin an daɗe ana cewa tana nuna tsiraici. Maganar tana da tushe: na'urorin farko sun yi haka, aka yi ta ƙorafi, har Amurka ta kwashe irinsu daga filayenta a 2013. Waɗanda aka fi amfani da su yanzu zanen mutum-mutumi ɗaya suke nunawa ga kowa, sai su ɗora alama a daidai wurin da suka ji wani abu. Ba kuma irin hasken hoton asibiti suke amfani da shi ba, igiyar rediyo ce mai rauni da ke ratsa tufafi ta dawo daga fata. Ita wannan na'ura ba ƙarfe kaɗai take ji ba. Takarda a aljihu, hankici, carbi, goro guda, har ninkin yadi mai kauri da jiƙewar gumi, duk tana iya sa musu alama.

A nan ne suturarmu ke shigowa. Babbar riga mai aiki, da aka sha sitati, aka ninka hannuwanta a kafaɗa, ado ce a wurin ɗaurin aure, amma a cikin wannan na'ura ninki ne kan ninki, kuma kusan tabbas sai an lalube mai ita. Babu dokar da ta hana sa ta. Ni dai na fi son in yi tafiya da kaftani ko jallabiya marar nauyi, in ninke babbar rigar a jaka, in an sauka in sa. Hula a cire a sa a tire. Mai rawani yana iya cewa ba zai warware a gaban jama'a ba, sai a shafa shi da hannu ko a shiga da shi ɗaki. Wanda ke ɗaure da laya ko guru ko kambu ya sani na'ura za ta nuna wurin, kuma abu ne da aka ɗinke cikin fata, ba a ganin cikinsa, don haka ana iya cewa sai an farke. Gara ya yanke shawara tun daga gida.

Mata kuma abin da ya fi tsayar da su shi ne awarwaro masu yawa, da fil ɗin hijabi, da ƙarafan da ake soke ɗaurin ɗankwali da su. Zobe ɗaya ko 'yan kunne ƙanana ba kasafai suke tayar da ƙara ba. Mai gwala-gwalai ta cire su tun tana layi, ta zuge su cikin aljihun jakarta, kada ta watsa su a tire inda idon kowa yake. Abin da nake so kowace mace ta riƙe shi ne haƙƙinta: mace ce ke lalube mace, kuma in za a buɗe kai ko fuska tana da damar cewa a kai ta keɓantaccen wuri. Mai niƙabi dole a ga fuskarta a gwada da hoton fasfo, wannan babu makawa a ko'ina, har a Jidda da Madina, amma ta nemi jami'a mace ta yi. A faɗa da murya mai sanyi tun kafin a fara. Na sha ganin an yi hakan cikin mutunci, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa bayan hatsari, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ya faɗa kafin ya shiga ƙofar. Dattijon da ke kan keken marasa lafiya ba a tilasta masa tsayuwa, a zaune ake duba shi. Wani lokaci kuma za a goga wani ɗan ƙyalle a tafin hannunka ko a zip ɗin jakarka, a sa a wata na'ura. Burbushin sinadarin fashewa ake nema, kuma sau da yawa zaɓen na kan mai uwa da wabi ne. Manomin da ya taɓa takin zamani, ko maharbin da ya taɓa albarushi, ko mai shafa wasu mayuka, na'urar tana iya yin ƙara a kansa. In ta faru, ka faɗi sana'arka da abin da ka taɓa, a sake dubawa.

A manyan filayenmu, irin na Malam Aminu Kano da na Abuja da na Legas, mai fita waje yana haɗuwa da hukumomi da dama, kuma sanin abin da kowa ke nema yana rage ruɗewa. Jami'an tsaron filin jirgi, da ke ƙarƙashin FAAN, abin da zai cutar da jirgi suke nema. Na NDLEA ƙwaya suke nema. Na shige da fice fasfo da biza. Kwastan kuma kayan da aka hana fita da su, da kuɗi: wanda ke ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu wajibi ne ya bayyana a rubuce. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi, kuma 'yan kasuwarmu da dama sun yi asarar dukiya a kan takardar da ba ta cin minti biyar. Wucewa a nan kuma ba ya nufin an wuce a can. Kilishi da dambun nama ba sa tayar da hankalin na'ura, amma Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama. Goro, wanda a wurinmu abin girmama baƙo ne, hukumar alhazai tana gargaɗin maniyyata kowace shekara kada su kai shi Saudiyya. Tiramadol da maganin tari mai kodin kuwa suna iya kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa in babu takardar likita. In wani a kan hanya ya nemi na goro don ya kau da kai, ina roƙon mai karatu ya ba shi haƙuri ya ƙi. Hannun da ya saba karɓa don ya bar zuma ta wuce, wata rana abin da zai bari ya wuce ba zuma ba ne.

Yanzu na zo kan abin da ya fi komai wuya ga Bahaushe, wato saƙo. Mu mutane ne masu kara. Da an ji za ka yi tafiya, maƙwabci zai zo da ƙulli, abokin aiki zai zo da kwali, a ce don Allah ka miƙa wa wane, zai zo ya same ka a masauki. A filin jirgin ma wani zai matso, ya yi sallama, ya ce kayansa sun yi nauyi, naka kuwa ya ga da sauran wuri. Cewa a'a tana da nauyi a bakinmu, musamman ga wanda ya girme mu. Amma a aikace, kusan ko'ina maganar ɗaya ce: abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanka naka ne, sai ka tabbatar da akasin haka, kuma tabbatarwar daga cikin ɗakin tsaro ake yin ta, a ƙasar da ba ka jin harshenta. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, kuma an zartar da shi a kan 'yan Najeriya.

Mutane da yawa za su tuna da ɗalibar nan da ta tafi Umra daga Kano tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta a watan Disamba na 2018. Aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta, alhali ba ta taɓa ganin jakar ba. Binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin suka yi wannan aika-aika. Sai a ƙarshen watan Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare da sa bakin gwamnatin tarayya. Ita ko saƙon ma ba ta karɓa ba. Darasin da na ɗauka daga labarinta shi ne in tsaya a wurin awo har in ga an liƙa wa kowace jakata takarda, in ƙirga 'yan guntayen rasit da aka manna mini a bayan katin shiga jirgi, in tabbatar yawansu ya yi daidai da yawan jakunkunana. In jaka biyu na auna, rasit biyu zan gani. Ina kuma ɗaukar hoton jakunkunan da waya a kan sikeli, in adana rasit ɗin har in koma gida. Fasfo da tikiti ba na miƙa wa ɗan-kama-ni-in-taimake-ka ya tafi da su inda idona ba ya kai.

Saƙon ɗan uwa na jini kuwa, in ba yadda za a yi, a kawo shi gida kwana ɗaya kafin tafiya, a buɗe a gaban mai shi, a zazzage, a duba har cikin gwangwani da tafin takalmi, sannan ka mayar da hannunka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya ce kada a buɗe, ya riga ya ba ka amsa. Na filin jirgi kuwa, ko ambulan ne, ko mai shi da furfura har gemu, amsata ɗaya ce: "Baba, ka yi haƙuri, an hana mu."

Ranar tafiya a isa da wuri, awa uku kafin tashi in ƙasar waje za a je, awa biyu in cikin gida ne. Rabin rikicin da ake yi a bakin na'ura na wanda ya makara ne, yana jin ana kiran jirginsa ga jakarsa a buɗe. Tun kana layi ka kwashe aljihunka kaf, waya da makulli da agogo da walat da carbi, ka zuba su cikin jakar hannu ka zuge, ka kwance bel. Fasfo da katin shiga jirgi su kaɗai za su rage a hannu, su ma in an ce a sa a tire sai a sa. Kada ka tura tirenka cikin na'ura sai ka ga wanda ke gabanka ya wuce, domin in shi aka tsayar da shi, kayanka za su fita can su zauna babu mai tsaro. In ƙofa ta yi ƙara, ka tsaya, ka bi abin da aka ce. In an janye jakarka, kada ka kai mata hannu sai an ce ka buɗe. A kuma kiyaye harshe. Kalmar bam ba a wasa da ita a wurin nan ko da cikin raha ne tsakanin abokai, ko da Hausa aka faɗe ta, domin an sha sauke mutane daga jirgi a miƙa su ga 'yan sanda a kan wannan. Ɗaukar hoton wurin bincike ma an hana a ƙasashe da yawa.

Mai ya da zango a Adis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha ya sa a ransa ana iya sake binciken daga farko, kuma ruwan da aka ba shi a jirgin farko ba zai wuce ba. Turaren da aka saya a shagunan cikin filin jirgi, in ya wuce mililita 100, a ce wa mai shagon ya sa shi a ledarsu ta musamman da ake liƙewa da rasit a ciki, kuma kada a farke ta sai an isa inda za a je.

Idan ka fito ɗaya gefen, ka ɗauki tirenka gaba ɗaya ka matsa zuwa teburin da ke can gaba, ka ba na bayanka wuri. A nan za ka mayar da bel da agogo a natse, ka taɓa fasfo, ka taɓa waya, ka leƙa cikin tiren ka ga babu abin da ya maƙale a kusurwa, musamman kwamfuta, wadda launinta kan saje da na tiren. Robar ruwa da ka shigo da ita babu komai a ciki an yarda da ita, yanzu sai ka nemi famfo ka cika, ka duba allo ka ga lambar ƙofarka, in da sauran lokaci ka tambayi inda masallaci yake.